Hazon Hunturu da Hayaƙin Murhu: Me Suke Yi wa Huhunmu?

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu kan taso daga arewa maso gabas, ta lulluɓe Kano da Damagaram da Maiduguri da hazo. Kaso mai yawa na wannan ƙura daga Bodele yake fitowa, wani kwari a arewacin Chadi wanda a dā ƙasan wani babban tafki ne. Tafkin ya ƙafe, lakarsa ta bushe ta zama gari, iska kuma take kwasa tana kawo mana.

Ƙurar da take kwanciya a gilashin mota da kan tabarma, ita ce mai dama-dama. Gashin hanci da majina suna tare yawancinta, mutum ya yi atishawa ko kaki ya fitar. Wadda ta fi tayar wa likitoci hankali ita ce wadda ido ba ya gani, da ake kira PM2.5. Silin gashin kai ɗaya ya fi ta kauri kusan sau 30. Tana wuce hanci, ta wuce maƙogwaro, ta gangara har cikin 'yan ƙananan jakunkunan huhu inda iska take shiga jini. A can sai hanyoyin numfashi su kumbura, su tsuke, majina ta ƙaru. Mai asma ya fara shessheƙa da dare, tsoho ya kasa hawa bene. Wani ɓangare ma yakan shige cikin jini ya wahalar da zuciya.

To amma kada mu ɗora wa Sahara laifin duka. Hayaƙin itace da gawayi, da janareto, da tayar da ake ƙonawa a bakin titi don jin ɗumi, duk irin wannan ƙurar suke fitarwa, kuma a gaban hancinmu. Dubi uwa durƙushe tana hura wuta da ɗanyen itace a madafar da ba taga, idonta na hawaye, jariri goye a bayanta. Abin da ta shaƙa shi ma ya shaƙa, ga shi numfashinsa ya fi nata sauri, huhunsa kuma bai gama ƙwari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 237,000. Wannan adadi ya isa ya hana mu barci.

Iskar hunturu ba a hannunmu take ba, amma murhu a hannunmu yake. A yi girki a tsakar gida ko inda iska ke ratsawa, da busasshen itace, ko da gas ga mai hali. A sauke yaro daga goyo a nisanta shi da hayaƙi. A daina kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe. Ranar da hazo ya yi kauri, takunkumin N95, wato na musamman da aka yi don tace ƙurar da ido ba ya gani, ya fi na yadi tare ƙurar nesa ba kusa ba.

Idan yaro yana tari, a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance cikin natsuwa. Ɗan wata 2 zuwa 11 da ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ya kai 40, ko kuma ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki idan ya ja numfashi, alamar ciwon huhu ce. A kai shi asibiti a ranar, kada a bari sai gobe.