Jawabin Maraba Ga Mai Girma Gwamna Daga Kwamitin Masu Dawakin Sukuwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Girma Gwamna, Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, hakimai da dagatai, malamanmu, iyayenmu masu dawaki, mahaya da yaran barga, jama'a maza da mata.

Ranka ya daɗe, a madadin kwamitin masu dawakin sukuwa na wannan gari, muna yi maka lale marhabin. Ba sai mun tsaya lissafa ayyukanka ba, maroƙa sun riga mu tun daga ƙofar gari, kuma titin da ka biyo ka iso nan ya ishi kowa shaida. Mun san lokacinka a ƙidaye yake. Don haka za mu saɓa wa al'ada mu fara da kukanmu kafin tarihi, kada a kira La'asar ba mu faɗe shi ba.

Kukanmu filin nan ne da kake zaune a bakinsa. Muna roƙon gwamnati ta ba shi takardar mallaka da sunan filin sukuwa, ta kewaye shi da katanga, har da fadamar da ke bayansa inda muke son kafa gandun kiwon goɗiyoyi. Dubi kusurwar gabas, ranka ya daɗe. Gine-ginen can da ka hango da sabon kwano, da can nan ne kwanar da dawaki ke karyowa su miƙe zuwa ƙarshen tsere. Yau fuloti ne. Gefen kudu ya zama juji, masu gyaran mota sun kafa rumfuna a yamma. Kullum da asuba, kafin a fita kilisa, sai yaranmu sun bi hanya da buhu suna tsince fasassun kwalabe da ƙusoshi. Mun kai takarda ofishin da abin ya shafa har sau uku, kowane zuwa sai a ce mu dawo, fayil ɗin yana sama.

Doki kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Sarkin Kano Kanajeji, shekaru sama da 600 da suka wuce, tarihi ya ambaci lifidi da sulke da kwalkwali. Sarautun Madawaki da Shamaki da Sarkin Dawaki daga bargar doki suka fito. Kakanninmu sun sayo dawaki daga Barno, daga ƙasar Arewa, daga Azbin, har da dogayen nan na Dongola a Sudan. A wannan fili kuma tun zamanin En'e ake sukuwa. Akwai dattawa a rumfar nan da suka hau doki a kansa suna yara, ba sirdi, sai ragama kawai. Garuruwan da a da suke zuwa nan aron mahaya, yau su ke da filaye masu shinge da rumfar 'yan kallo, mu kuma muna kora awaki daga kan hanya kafin a saki dawaki.

Ka yi mana haƙurin minti kaɗan mu ba ka labarin wani doki na Ingila, don matasanmu sun haddace tserensa a wayoyinsu, kuma shi ne hujjarmu. Sunansa Frankel. An haife shi ranar 11 ga Fabrairun 2008 a gandun kiwo na Banstead Manor kusa da garin Newmarket, a lokacin mallakar Yarima Khalid bin Abdullah na Saudiyya. Ja ne mai farin goshi da fararen ƙafafu huɗu. Ubansa Galileo, ingarman da ya ci babban tseren Derby na Ingila a 2001. Uwarsa Kind, 'yar Danehill. Abin lura a nan, Yariman bai je kasuwa ya sayo zakara ba. Uwar Frankel a gandunsa aka haife ta, kakarsa Rainbow Lake ma haka, uban kakar kuma, Rainbow Quest, da tutar Yariman ya ci babban tseren Faransa a 1985. Kusan shekara talatin mutumin nan yana zaɓen wace goɗiya za a kai wa wane ingarma kafin Allah ya ba shi wannan duƙushi.

Da ya isa hawa aka miƙa shi ga Henry Cecil, dattijon mai horar da dawaki wanda a lokacin yake fama da ciwon daji. Frankel ya taso da zafin kai, yana fizgar linzami, yana son ya ƙare tsere tun daga farkonsa. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan doki ya san ko dai a lallaɓa shi ko a lalata shi. Cecil ya lallaɓa shi. Ya sa ɗan'uwansa na ɗaki ɗaya, Bullet Train, ya riƙa shiga gabansa wajen kilisa, daga baya har a tsere, don ya koyi bin baya ya adana numfashi.

Ya fara tsere a watan Agustan 2010, ya ci da rabin tsawon doki kacal. Amma ranar da duniya ta san shi ita ce 30 ga Afrilun 2011, a tseren 2000 Guineas na mil ɗaya a Newmarket. Ana buɗe ƙofa mahayinsa Tom Queally ya sakar masa linzami. Wani dokin da aka sa a ranar don ya ja gaba ma bai ga ƙurarsa ba. Kafin a kai rabi ya ba sauran tazarar da ta wuce tsawon doki goma, 'yan kallo suka fara tafi tun ba a gama ba, ya kuma ci da tsawon doki shida, ratar da ba a ga irinta a wannan tsere ba tun 1947. A filin tseren Ascot cikin Yunin 2012 ya ci da tsawon doki 11. Aka ce ai ɗan gajeren zango ne, sai aka ƙara masa nisa a York, ya ci da bakwai. Ya rufe da tseren Champion Stakes a Oktoban 2012, a ƙasa mai laushi bayan ruwan sama, duk da ya makara wajen fitowa daga ƙofa. Tsere 14, nasara 14, goma daga ciki a aji mafi girma. Cecil ya rasu a Yunin 2013, wata takwas bayan haka.

Akwai abu guda a labarinsa da ke sosa mana rai. A Afrilun 2012 Frankel ya bugi ƙafarsa wajen kilisa. Nan take likitoci suka ɗauki hoton jijiyar, aka hutar da shi, bayan 'yan makonni ya dawo ya ci gaba da cin tsere. Mu kuwa bara, a wannan fili, wani matashin doki ɗan Sudan da mai shi ya sayar da gona ya saya, ya zurma ƙafa a ramin da masu gini suka haƙa suka ɗebi ƙasa. Muna tsaye muka ji ƙarar karayar. Yaron da ke ba shi harawa da dusa tun zuwansa ya rungume wuyansa yana kuka, har magariba ba a iya ɓamɓare shi ba. Da akwai katanga, ranka ya daɗe, da babu wannan rami.

Kuma kuɗin da Frankel ya ci a tsere, kusan fam miliyan 3, ƙaramin abu ne a kan abin da ya kawo bayan ya koma barga. A 2013 kuɗin barbararsa fam 125,000 ne kowace goɗiya, a 2024 ya kai fam 350,000. Ɗansa Adayar ya ci Derby a 2021, 'yarsa Alpinista ta ci babban tseren Faransa a 2022. Ba mu ce za mu kai can ba, mun san tsawon bargonmu. Amma asalin dawakin nan 'yan asali na Ingila daga gabas yake. Ta wajen uba, jinin Frankel yana komawa ne ga wani ingarman Larabawa da aka saya a Halab ta Siriya aka kai Ingila a 1704. Abin da Turawa suka yi shi ne suka killace makiyaya, suka buɗe littafin asalin dawaki tun 1791, kowane duƙushi da sunan uwa da uba. Mu nan attajiri zai kashe dukiya ya sayo doki daga waje, damina ta zo, cutar dawakin nan da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta kashe shi, bai bar ɗa ko ɗaya ba. In ma ya bari, bayan shekara biyar ba wanda zai iya rantsuwa a kan wane ne uban wane.

Littafin asali mu za mu buɗe da kanmu, mun ma sayi rijista. Goɗiyoyi muna da su, 'yan Arewa masu juriya da 'yan Sudan masu tsawo, kuma mutum huɗu a kwamitin nan sun yi alkawarin haɗa kuɗin ingarma. Muna da wasu ƙananan buƙatu, likitan dabbobi da zai riƙa leƙo mu da allurar rigakafi kafin saukar ruwa, da rijiyar burtsatse, amma waɗannan za su iya jira. Filin ne ba zai jira ba. A makon jiya ma an wayi gari da sababbin turaku a bakin fadama, an shafa musu jan fenti. Ba wanda zai ɗaure goɗiya mai ciki a wurin da gobe za a iya sauke masa bulo.

Masu sana'ar da ke ci daga doki a garin nan suna da yawa: masu harawa, dukawa masu ɗinka sirdi, maƙera masu linzami da likkafa, mahaya, da mata masu abinci ranar tsere. Duk suna nan, su ne ka ji sun fi kowa guɗa da ka sauko daga mota.

Mai Girma Gwamna, ga taswirar filin yadda yake a da, ga kuma yadda ya koma yau, da kwafin takardunmu uku, sakataren kwamiti zai miƙa maka hannu da hannu don kada su sake hawa sama. Muna roƙon takardar mallaka da katanga. Allah ya ƙara maka lafiya, ya maishe ka gida lafiya, ya ja zamanin Mai Martaba. Dawakin zagayen farko sun riga sun jeru, muna roƙonka ka ɗaga musu tuta.

Wassalamu alaikum.