Yadda ake fito da kaushi da sheƙi a zanen kwamfuta: aikin haske da inuwa ne

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan bidiyo na koyon zane a kwamfuta. Ku kalli skirin, ga ƙwallaye guda uku nan, girmansu ɗaya, kalarsu ɗaya ruwan toka, babu wanda na ja wa layi ko na zana wa ado a jiki. Amma ido yana faɗawa kansu zai ce na farko yumɓu ne, na biyu ƙarfe ne, na uku kuma kamar dutse mai kaushi. To me ya bambanta su? Inda haske ya sauka, da yadda ya bazu, da inda inuwa ta fara, shi ke nan. A kan wannan zamu tsaya yau, don wallahi abin yana damuna in ga matashi mai hannu, ya iya zane, amma ya ƙare datarsa wajen sauke burushin zane na manhaja ɗari biyu ɗari uku yana zaton a cikin burushin kaushin yake, alhali burushi tabo kawai yake ajiyewa, haske ne yake gaya wa ido cewa abin nan in ka shafa zai kankare maka hannu ko zai zame.

Ba ruwanmu da wace manhaja ce a hannunka. Photoshop ne, Krita ce wadda take kyauta, Procreate ne a iPad, ko ibisPaint a wayarka da yatsa kake yi, duk akwai leya, wato shimfiɗar da ake ɗorawa a kan wata a yi zane a kanta ba tare da an taɓa ta ƙasa ba, akwai Multiply, saitin leya da ke ƙara wa abin da ke ƙasa duhu, akwai Overlay, saitin da ke rina shi yana ƙarfafa haskensa da duhunsa, akwai burushi mai taurin baki da mai laushi. Iyakar kayan aikinmu ke nan.

Kafin mu taɓa burushi, ga wani abu da kowa zai iya gwadawa da idonsa. In ka samu hoton farin wata na daren sha huɗu da ya cika tas, zaka ga kamar faranti ne, ba tudu ba kwari, sai ɗan dabbare-dabbare. Amma ka duba hotonsa lokacin da yake rabi, daidai kan iyakar nan da haske ya haɗu da duhu, nan zaka ga ramuka da duwatsu sun fito ƙuru-ƙuru. Watan bai canja ba, ramukan suna nan tun farko. A daren da ya cika, rana tana haska shi ne ta gaba daga ɓangarenmu, inuwar kowane tudu ta ɓuya a bayansa ba ma ganinta, a kan iyakar kuwa hasken ta gefe yake zuwa yana shafar ƙasa, sai ƙaramin tudu ya ja doguwar inuwa. Masu gyaran tsofaffin zane a gidajen tarihi ma haka suke yi, su ajiye fitila ta gefe don su ga tsagewa da kumburin fenti da ba a gani in hasken ta gaba ya zo. Wannan ita ce dokar da nake so ta zauna muku: kaushi ya fi bayyana a inda haske yake gab da ƙarewa inuwa na gab da farawa. A tsakiyar haske kaɗan ake gani, a cikin inuwa kuma kusan ya nutse.

To mu fara da tulu, irin na yumɓu da ba a shafa masa komai ba. Na sa bayan zanen ruwan toka, kar ku yi aiki a kan fari tas don yana yaudarar ido, komai ka ɗora a kai sai ya zama kamar ya fi duhu. Na cike siffar tulun da kala ɗaya, ja mai ƙasa-ƙasa. Na buɗe sabuwar leya a samansa na maƙala ta da ta ƙasa don kada fenti ya fita waje, na mayar da ita Multiply. Sai na yanke shawara, kuma wannan shawarar ita ce uwar aikin: haskena daga sama ta hagu yake zuwa. Ku ga ɗan kibiyar da na ajiye a kusurwa, ba zan goge ta ba sai an gama, don mutum yana mantawa in aiki ya yi nisa.

Yanzu da babban burushi mai laushi nake sa inuwa a gefen dama da ƙasa. Ban fara kaushi ba tukuna, siffa nake ginawa. Yumɓu yana watsa haske ta ko'ina, shi ya sa haskensa yake raguwa a hankali a hankali yayin da jikin tulun yake kaucewa fitila. Wani masani Johann Lambert ya rubuta lissafin wannan tun 1760, kuma abin da ya shafe mu a ciki mai sauƙi ne: wurin da ya fuskanci haske kai tsaye shi ya fi haske, in ya karkace da digiri 60 hasken da ke sauka a kansa ya koma rabi, in ya kai digiri 90 ya ƙare. Kun ga dalilin da ya sa ba na zana layi tsakanin haske da inuwa a jikin abu mai zagaye. Sannan can ƙasa ta dama zan ɗan mayar da haske kaɗan, wanda ya daki ƙasa ya dawo jikin tulun, amma a kula, kada wannan ya kai hasken gaba ƙarfi, in ya kai tulun ya baje ya zama kamar takarda. A gindinsa kuma inda ya taɓa ƙasa nan ne duhun da ya fi kowane, siriri, don haske ba ya samun hanyar shiga.

Sai yanzu kaushi. Na ɗauki ƙaramin burushi mai taurin baki, na zo kan iyakar haske da inuwa. Ku lura da kyau, don a nan mutane da yawa suke ɓata aiki. Ɗan tudu a jikin tulu, gefensa da ke kallon haske shi ne mai haske, inuwarsa tana faɗawa ta ɗaya gefen, wato haske a sama ta hagu, duhu a ƙasa ta dama. Ɗan rami kuwa akasin haka ne, bakinsa na kusa da fitila shi yake tare haske, don haka duhu a sama ta hagu, haske a leɓen ƙasa ta dama. Ɗigo biyu ne kawai, ɗaya mai haske ɗaya mai duhu, amma wanda ka sa a sama shi yake yanke hukuncin tudu ne ko rami. Bari in juya skirin ƙasa ta koma sama ku gani... kun ga ramukan sun zama ƙuraje? Ƙwaƙwalwarmu ta saba haske daga sama yake zuwa, shi ya sa. Tsagewa ma haka ake mata, layi mai duhu, sannan siririn haske a leɓen da ya fuskanci fitila, ba a duka gefe biyu ba.

Kuma dan Allah kar a bi jikin tulun gaba ɗaya ana ɗiga masa tabo iri ɗaya, girma ɗaya, tazara ɗaya. Ku tara su a wani wuri, ku bar wani wuri ya huta, wasu manya wasu ƙanana, kuma da suka kusanci gefen tulun su matse su zama sirara tunda ta gefe muke kallonsu. Ido in ya ga kaushi a wuri biyu ko uku zai ƙarasa sauran da kansa.

Mu koma kan ƙarfe, ga kwanon silba. A nan komai ya juya. Ƙarfe mai santsi ba ya watsa haske, mayar da shi yake kamar madubi, saboda haka abin da kake zanawa a jikinsa shi ne abin da ke kewaye da shi: sararin sama ko taga a ɓangaren sama, duhun ɗaki a tsakiya, kalar tabarma a ƙasa. Shi ya sa na ajiye burushi mai laushi na ɗauki mai kaifi, ina ajiye fari ƙal dab da duhu ƙirin babu sulhu a tsakaninsu, kuma sifofin suna lanƙwasa suna bin jikin kwanon. In kwanon ya tsufa an sha goge shi da toka da soso, ƙyallin zai faɗaɗa, bakinsa ya yi laushi, ya rage ƙarfi. Wannan ma'auni ne da zai yi muku aiki a kan komai: ƙyalli ƙarami mai kaifi yana nufin santsi, ƙyalli mai faɗi mai dishi-dishi yana nufin kaushi. Wani abu kuma, ƙarfe yana rina ƙyallinsa da kalarsa, zinariya ƙyallinta rawaya ne, jan ƙarfe nasa ja-ja ne, amma roba ko gilashi ko tangaran ƙyallinsu kalar fitilar yake ɗauka. In ka sa farin ɗigo a kan zobe na zinariya sai ya koma kamar na roba.

Akwai kuma abin da ake dangantawa da Augustin Fresnel, wani masani ɗan Faransa. Gilashi in ka kalle shi kai tsaye kusan kashi 4 cikin 100 na haske kawai yake mayarwa, ruwa ma kusan kashi 2, amma in ka kalle su ta gefe sosai sai su zama madubi. Shi ya sa in ka tsaya bakin tafki kana ganin ƙasan ruwa kusa da ƙafarka, can nesa kuwa sai sama da bishiyoyi a kwance a kai. A zane, ma'anarsa ka ɗan ƙara sheƙi a gefe-gefen kwalba ko mota ko butar roba.

Yanzu ga wanda na fi so, katangar laka. Duk wanda ya taɓa wucewa ta tsofaffin unguwannin Zariya ko Birni a Damagaram ya san adon nan da magina suke tayarwa a fuskar gida, dagi da sauran zane masu tudu. In rana ta haska katangar ta gaba wani lokacin sai ka kusa wuce shi, in kuwa hasken ta gefe ya zo yana shafar katangar, sai kowane layi ya ja inuwarsa, har sawun yatsun wanda ya yi yaɓen sai ka gani. Don haka in zaku zana irin wannan katanga ku zaɓi hasken gefe tun farko. Na shimfiɗa kalar ƙasa, na ɗan cakuɗa ta, wani wuri ja-ja wani wuri fari-fari don laka ba ta zama kala ɗaya. Sannan kowane tudu na ado na ba shi abu uku, haske a gefen rana, inuwar jikinsa a ɗaya gefen, da inuwar da ya jefa kan katanga. Wannan ta ƙarshe bakinta da kaifi a kusa da tudun, tana yin laushi in ta yi nisa, kuma tsawonta shi yake gaya wa mai kallo nawa adon ya taso. Kalar inuwar kar ta zama baƙi, a waje sararin sama ne yake haska cikin inuwa, don haka na ɗan sa mata shuɗi-shuɗi, ku ga yadda jan katangar ya ƙara fitowa.

Tufafi ma wannan dokar ce. Baƙin rawanin nan na Kura da ake bugawa har ya yi sheƙi, bugun ne yake kwantar da zaren ya zama santsi, saboda haka a zane ƙyallinsa siriri ne mai ƙarfi a kan kowane ninki, da ɗan shuɗi zuwa ruwan hoda mai duhu, tsakanin ninki kuma duhu sosai. Auduga da ba a buga ba kuwa irin aikin tulu zaka yi mata.

Fatar mutum tana da nata, musamman fatarmu mai duhu da na ga ana yawan zalunta a zane ana mayar da ita toka-toka. Fata tana da ɗan maiƙo, kuma da yake kalar ƙasan mai duhu ce ƙyallin ya fi fitowa a goshi, da karan hanci, da saman kumatu, kuma yana ɗaukar kalar abin da ke haska ta, a waje zaka ga shuɗin sama a goshi. Sannan haske yana ɗan shiga cikin fata ya fito, ka sa tocilan a bayan yatsunka zaka ga jan, don haka a kan iyakar haske da inuwa na ɗan zuba ja mai ɗumi da leyar Overlay, ƙarfinta ƙasa-ƙasa. Ƙofofin gashi kuma a cikin ƙyallin kawai nake nuna su, ina ɗan karya bakinsa da ɗige-ɗige, ba na bin fuskar duka.

Masu yin gem da katun na kwamfuta ma da wannan dabarar suke aiki. A 1978 wani masanin zanen kwamfuta, Jim Blinn, ya fito da hanyar da kwamfuta zata canja yadda haske yake sauka a kan abu ba tare da ta canja siffarsa ba, sai ƙwallo mai santsi ya fito kamar ɓawon lemo. Ita ce dai muke yi da hannu.

Kafin ka ce ka gama, gwaji biyu. Ka buɗe leya a can sama ka cike ta da baƙi ko toka ka mayar da saitinta Color ko Saturation, a wurin da ake zaɓar Multiply, zanen zai koma baƙi da fari, in tulu da kwano da katanga basu bambanta ba a haka to kala ba zata cece su ba, ka koma kan haske da inuwa. Na biyu ka rage girman zanen ya zama kamar ɗan hoton furofayil, in kaushin ya cinye siffar ka rage ƙarfin leyarsa, ko ka goge shi daga cikin inuwa.

Aikin gida kuma, yau da daddare ka kashe wutar ɗaki, ka ɗauki tocilan waya ka haska bango ta gaba, sannan ka manna ta da bangon ta haska ta gefe, ka ɗauki hoton duka biyun. Ka zana ƙwallo uku da burushi ɗaya tak, mai zagaye, ɗaya yumɓu, ɗaya ƙarfe, ɗaya irin bangon nan naka da ka ɗauka. A bidiyo na gaba zamu shiga gilashi da ruwa, sai mun haɗu.