Yadda Dabbobi Ke Gadon Iyayensu

Masu kallo, Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma duk mai kiwo ya san akwai gaskiya a cikin zancen. Amma ya kuma san cewa wani lokaci baƙin sa da baƙar saniya sukan haifi jan maraƙi, har a yi ta zargin cewa wani bijimi ne ya kutso cikin garken. Sau da yawa babu wanda ya kutso, domin jan launin yana ɓoye ne a jikin iyayen.

Jikin dabba an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom, waɗanda ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Saniya da akuya suna da kuromosom 60 kowacce, tunkiya tana da 54, kaza kuwa 78. Suna zuwa ne bibbiyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma idan lokacin barbara ya yi, maniyyi da ƙwai kowanne rabi kawai yake ɗauka. Wanne daga cikin biyun zai shiga, wannan sa'a ce, shi ya sa 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba sa fitowa iri ɗaya.

Wanda ya fara gano wannan ƙa'ida shi ne Gregor Mendel, wani malamin coci a birnin Brno na ƙasar Czech ta yanzu, wanda ya yi gwaje-gwajensa a kan wani nau'in wake ya kuma wallafa sakamakon a 1866, ko da yake masana ba su waiwayi aikin sosai ba sai a 1900. Ya nuna cewa wata ƙwayar gado mai rinjaye ce, wata kuma takan lafe, ba ta bayyana sai an gaje ta daga ɓangarorin biyu.

Ga misali. A shanun Angus, wani irin shanun Turai, baƙi yana rinjayar ja. Sa mai ɗauke da ƙwayar baƙi ɗaya da ta ja ɗaya baƙi ne wuluk, babu yadda ido zai bambanta shi da wanda ƙwayoyinsa biyu duk na baƙi ne. Idan aka haɗa shi da saniya irinsa, to a kowace haihuwa akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu maraƙin ya gaji ja daga uwa da uba duka, ya fito ja. Rashin ƙaho ma haka yake rinjayar ƙaho. Sai dai masu awaki su yi hattara, domin haɗa bunsuru marar ƙaho da akuya marar ƙaho yakan haifar da 'ya'ya mata-maza waɗanda ba sa haihuwa.

Halayen da makiyayi ya fi damuwa da su ba su da wannan sauƙin lissafi. Yawan madara, saurin girma da nauyin jiki, ƙwayoyin gado masu tarin yawa ne ke tafiyar da su, sannan abinci, cuta da zafin rana su sa nasu hannun. A shanun tatsa, kusan kashi 25 zuwa 30 cikin 100 ne na bambancin madara tsakanin saniya da saniya ke komawa ga gado, a saurin ɗaukar ciki kuwa abin bai kai kashi 10 ba. Saboda haka wanda shanunsa ke jinkirin ɗaukar ciki ya fara duba ciyarwa da lafiyarsu kafin ya ɗora laifin a kan iri.

A ganina, babban kuskuren da ake yi shi ne zaɓen bijimi don girman tozo ko kyan tsayuwa kawai. Saniya maraƙi ɗaya take bayarwa a shekara idan an yi dace, alhali bijimi ɗaya shi ne uban dukkan maruƙan garken, kuma tun da ba a tatsarsa, madarar uwarsa da ta 'ya'yansa mata ce babbar shaidar abin da yake ɗauke da shi. Haka nan barin sa ya daɗe har ya hau 'ya'yansa yana da haɗari, domin a irin wannan haɗi, kashi 25 cikin 100 na ƙwayoyin gadon maraƙin ana sa ran za su zo iri ɗaya daga tushe guda, kuma ta nan ne cututtukan da suka lafe ke bayyana, haihuwa ta ragu, ƙanana su riƙa mutuwa.

Haɗa iri biyu mabambanta yana yin akasin haka: 'ya'yan farko sukan fi matsakaicin iyayensu ƙwari da yawan haihuwa. Amma idan aka haɗa waɗannan 'ya'yan a junansu, kimanin rabin wannan fifiko yakan zube a zuriya ta gaba, shi ya sa masu wannan tsari suke ci gaba da riƙe tsantsar irin iyayen a gefe.