Mita uku da santimita talatin

Assalamu alaikum 'yan uwana na Damagaram, na Birni da na Zango da na Sabon Gari. Ina yi muku wannan magana ne daga cikin mota, a harabar wani babban kanti a nan Liyon ta ƙasar Faransa, kuma raina a ɓace yake. Ɗiyata tana zaune a baya, kekenta na naƙasassu yana naɗe a gefenta, mun kai minti ashirin ba mu iya sauka ba, saboda wani bawan Allah ya ajiye motar kayansa a wurin da aka keɓe wa naƙasassu. Na yi masa magana cikin ladabi, na nuna masa katin ajiye mota na naƙasassu da ke gaban gilashin motata, sai ya ɗaga mini yatsu biyar, ya ce minti biyar kawai zai yi, ya shige.

Wani zai ce ai ga wurare nan birjik, me ya hana in ajiye a wani. Wurin da ake keɓewa a Faransa faɗinsa mita 3 da santimita 30 ne, kuma wannan faɗin shi ne dukan maganar, domin sai na buɗe ƙofa har ƙarshe, na ajiye keken dab da kujera, sannan in tallafi yarinyar ta koma kansa. A wurin kowa da kowa, idan wata mota ta matso kusa, ƙofar ba ta buɗuwa fiye da yadda mutum mai ƙafafu zai zame ya fita. Na taɓa gwadawa a lokacin sanyi, muka dawo muka tarar an matse mu, dole na bar ta a kan keke a tsakiyar hanyar motoci na ja motar baya, kuma ban manta da yadda ta riƙe hannun keken tana kallon motocin da ke wucewa ta bayanta ba.

Doka kam akwai ta. Tun dokar 11 ga Fabrairu 2005 aka ƙarfafa hakkin naƙasassu a ƙasar nan, ana keɓe musu aƙalla wuri biyu cikin kowane ɗari, kuma daga 2015 mai kati yana ajiye mota kyauta a bakin titi. Wanda ya tare wurin ba tare da kati ba tararsa yuro 135 ce, wajen jika tamanin da takwas da rabi ke nan na kuɗinmu, kuma ana iya jan motar a tafi da ita. Amma ɗan sanda ba ya kwana a harabar kanti, shi ya sa masu minti biyar ba sa ƙarewa.

Ina jan kunnen 'yan uwanmu da suke zuwa nan, musamman samari masu aikin kai kaya. Kada ka ari katin tsohuwar maƙwabciyarka don ka huta da neman wuri. Katin na mutum ne, yana aiki ne idan mai shi yana cikin tafiyar, kuma tarar amfani da na wani tana iya kai yuro 1500. Mu mun cika takardu, mun kai shaidar likita, mun jira watanni kafin namu ya fito. Haka kuma kada ka yi saurin tare mutum don ka ga ya fito daga mota da ƙafafunsa. Ni kaina na yi wannan kuskure da wata mata, na ɗaga mata murya, ashe ciwon zuciya gare ta, tafiyar mita hamsin tana sa ta haki. Ta nuna mini katinta ba ta ce komai ba, na ba ta haƙuri, amma kunyar ta bi ni har gida.

Duk lokacin da irin wannan ya faru, Yayana nake tunawa. Shan inna ya kama shi yana ƙarami, kuma fiye da shekara talatin yana tuƙa kekensa na hannu daga Zango zuwa Kasuwar Dole, cikin yashi da rana. Babu fenti a ƙasa, babu allo, 'yan kabu-kabu da masu amalanke suna cika bakin ƙofa har ya rasa inda zai kutsa. Sai dai da ya tsaya, yara biyu ko uku za su taso su tura shi, wani ya ce "Baba, kawo in kama maka", mai shago ya janye baburinsa ba tare da an roƙe shi ba. Wannan hali namu ne, ina alfahari da shi, kuma a nan ban cika ganinsa ba. Amma Yaya ya sha gaya mini cewa ya gaji da jiran wanda zai taimake shi kafin ya hau matakalar ofis ko ta masallaci, yana so ya shiga da kansa, ya fito da kansa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin naƙasassu tun 2008, saboda haka masu gina shaguna da ɗakunan shan magani a garinmu, don Allah ku bar fili a bakin ƙofa, ku zuba gangare na siminti. Buhu kaɗan ne.

Ga mai motar can ya fito da kwalaye, ko kallon wajenmu bai yi ba. Bari in matsa kafin wani ya riga ni, in sauke wa yarinyar nan kekenta, tun safe take so ta zaɓi jakar makarantarta da kanta.