Folda Ta Ƙi Buɗuwa: Lacca Kan Raba Fayil Tsakanin Kwamfutocin Gida da Shago

An rubuto wannan lacca ne daga faifan murya. An gabatar da ita ga matasa masu gyaran kwamfuta da masu shagunan buga takardu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da malamanmu da ke zaune a gaba, da ƙannena da ke can baya, barkanmu da war haka. Na ga wasu sun zo da kwamfutocinsu. Madalla, a buɗe su, domin karatun yau ya fi zama idan hannu yana taɓawa.

Kwanakin baya an kira ni wani shago mai kwamfuta uku. Ɗaya ta maigida ce, a cikinta ake tara duk aikin da aka buga wa jama'a: takardun neman aiki, furojet ɗin ɗalibai, katin ɗaurin aure. Sauran biyun na yaran shago ne, suna shiga folda ɗaya da ke kwamfutar maigida su ɗauki aiki, su gama su mayar. An daɗe abu yana tafiya sumul. Ran nan aka ɗauke wuta, aka tada janareto, sai folda ta ce ba ta san zancen ba. Kafin in iso wani mai gyara ya riga ni. Ya kashe katangar tsaron Windows, wadda muke kira fayawol, ya cire kalmar sirri, ya ba kowa ikon karantawa da gogewa, har SMB1, tsohon samfurin yaren da kwamfutoci ke raba fayil da shi, sai da ya kunna. Duk da haka folda ba ta buɗe ba, domin ciwon ba ya cikin ko ɗaya daga wuraren da ya taɓa. Lamba ce kawai ta canza, kuma zan dawo kanta.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Takardun mutane ne a ciki, da sunayensu da hotunansu, an ciccire musu ƙofa saboda matsalar da gyaranta bai kai minti biyar ba. Shi ya sa nake son mu san fasalin gidan kafin mu ɗauki guduma.

Idan kwamfuta za ta buɗe folda a cikin 'yar'uwarta, akwai yaren da suke magana da shi, sunansa SMB. A kamfanin IBM aka ƙirƙiro shi a 1983, daga baya Microsoft ta ɗauka ta gina shi cikin Windows. Yau yana bi ne ta mashiga mai lamba 445. Masu Linux suna jin yaren ta hanyar manhajar Samba, wadda Andrew Tridgell ya fara fitarwa a Ostireliya a 1992, kwamfutocin Apple ma suna jin sa. Ku ɗauki kwamfutar da ke riƙe da folda kamar gidan Bahaushe. Sai ka sami hanyar da za ta kai ka ƙofar gida. Sai ka yi sallama a zaure a ji ko kai wane ne. Ko an ce ka shigo, ɗakin da kayan suke yana da nasa kwaɗon. Duk saƙon da kwamfuta ta fito maka da shi tana gaya maka ne inda aka tsayar da kai.

To, mu fara da hanya, domin nan aka fi ɓacewa. Kowa ya danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta cmd, sannan a baƙin allon nan ya rubuta ipconfig. Ku nemi layin IPv4. Za ku ga lamba mai kashi huɗu, misali 192.168.0.10. A haɗin gida na yau da kullum, kashi ukun farko dole su zama iri ɗaya a kwamfutocin biyu, na ƙarshe ne kawai zai bambanta. Idan ɗaya tana 192.168.0 ɗayar kuma tana 192.168.8, ba unguwa ɗaya suke ba. Sau da yawa nakan tarar kwamfutar maigida tana kan MiFi, ta yaro kuma ta maƙale da hospot ɗin wayarsa. Duk biyun suna shiga Facebook, sai mai shago ya rantse maka a haɗe suke. Samun intanet daban, zama a kan rauta ɗaya, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci ta raba musu lamba, daban. Idan kuwa kun ga lamba ta fara da 169.254, kwamfutar ta roƙi rauta lamba ba ta samu ba, sai ta raɗa wa kanta. Nan ku duba kebul, ku duba ko rautar ma tana kunne.

Akwai kuma rautar da take raba kan masu shiga ta waifai, kowa ya ga intanet amma kada ya ga ɗan'uwansa. A cikin saitinta za ku ga an rubuta AP isolation. Haka waifan baƙi da wasu rautoci ke fitarwa, da gangan aka yi shi don kada baƙo ya leƙa kwamfutocin gida. In kwamfutarka tana kansa, ko ka kwana kana gyara ba za ta ga folda ba.

Wasu za su ce a gwada ping, wato umarnin da ake rubutawa a baƙin allo don a ji ko ɗaya kwamfutar za ta amsa. Ku gwada, amma kada ku yanke hukunci da shi kaɗai, domin Windows takan yi shiru ta ƙi amsa ping alhali tana nan lafiyarta ƙalau. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne wannan: Windows da R, ka rubuta karkatattun layuka biyu sannan lambar ɗaya kwamfutar, kamar haka, \\192.168.0.10. In ta buɗe da lamba amma ta ƙi buɗewa da suna, hanya lafiya take, sunan ne ba a gane ba. Kuma don kwamfuta ba ta fito a jerin Network ba, ba shi ne ba za a iya shigarta ba. Wannan jeri ya dogara da wani ɗan aiki da ke gudana a bayan fage mai suna Function Discovery Resource Publication, in ya tsaya sai kwamfuta ta ɓace daga jerin alhali ƙofarta na nan.

Mu koma shagon nan. Rauta aron lamba take ba kwamfutoci, ba kyauta ba. Ƙananan rautocin da muke saye, da yawa in wuta ta ɗauke sukan manta wa suka ba wace lamba, in ta dawo sai su sake rabo. Yaran sun ajiye hanyar folda da tsohuwar lambar maigida, bayan janareto ya tashi kuma lambar ta faɗa hannun wayar wani. Suna ta sallama a gidan da ba shi ba. Mu da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini, wannan ciwon namu ne fiye da na mutanen da suka rubuta littattafan koyarwa. Maganinsa, ka shiga saitin rauta ka keɓe wa kwamfutar da ke riƙe da folda lamba ɗaya ta dindindin. Da na yi haka, sai na zauna ina mayar da ƙofofin da aka cire ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan ya fi gyaran ɗaukar lokaci.

Saura abu ɗaya a kan hanya. Windows tana kasa kowane haɗi gida biyu, Public da Private. Public na tasha ne da otal da filin jirgi, a nan takan rufe raba fayil don kare ka. Da ka sauya rauta, ko ka canza sunan waifai, sai ta ɗauke shi baƙon wuri ta sa shi a Public. Sai ka ga lambar kuskure 0x80070035, wai ba a sami hanya ba. Ka mayar da haɗin Private, ka kunna raba fayil da firinta, fayawol da kanta za ta buɗe mashigar da ake bukata ta bar sauran a rufe. Babu dalilin kashe ta, ina roƙonku ku daina.

Yanzu zaure. An fito maka da akwatin suna da kalmar sirri, ka sa, an ƙi, ka sake sawa, an ƙi. Tambayar farko: sunan wa ka sa? Maigidan da ka je wurinsa shi ke tantance ka, don haka akawun ɗin da ke cikin waccan kwamfutar ake nema, ba na wadda kake zaune a gabanta ba. Na biyu, lambar PIN da kake buɗe kwamfuta da ita ba kalmar sirri ba ce. A jikin na'urar kaɗai take aiki, ba ta tafiya ta kebul. Wanda ya buɗe Windows da akawun ɗin Microsoft, adireshin imel ɗin da ainihin kalmar sirrinsa zai sa, kuma da yawa sun manta ta tun ranar da aka saita musu. Sannan akawun marar kalmar sirri, Windows ba ta barin a shigo da shi daga waje. Masu cire kalmar sirri don a sami sauƙi, ƙara ɗaure kansu suke yi.

Shawarata, ku buɗe ƙaramin akawun na musamman a kwamfutar da ke riƙe da folda, wanda ba shi da ikon shugaba, ku ba shi kalmar sirri mai ƙarfi, shi kaɗai yara za su riƙa shiga da shi. Yaro ya bar aiki, ka canza kalma ɗaya, shi ke nan. Amma in ka canza, ka tuna ɗaya kwamfutar ta haddace tsohuwar, ita za ta yi ta miƙawa ana korarta. Ka shiga Credential Manager, inda Windows ke ajiye kalmomin sirrin da ta haddace, ka goge ta, sannan a baƙin allo ka rubuta net use * /delete don a yanke tsofaffin haɗi. Wannan ne kuma maganin kuskure mai lamba 1219, inda Windows ke ƙin ka shiga kwamfuta ɗaya da sunaye biyu a lokaci guda.

Ku yi hattara da tsofaffin bidiyoyin YouTube masu cewa a buɗe HomeGroup. Ya zo ne da Windows 7 a 2009, kuma an cire shi daga Windows 10 a 2018. Haka nan wanda ya sabunta zuwa Windows 11 samfurin 24H2, musamman nau'in Pro, zai iya ganin filashin da ya soka a jikin rauta ko tsohon akwatin ajiyarsa ya daina buɗuwa. Dalili, ta daina yarda da shiga a matsayin baƙo marar suna, kuma tana neman a sa hannu a kan saƙonnin da ke kai da komo. Ka buɗe suna da kalmar sirri a jikin waccan na'urar, ka sabunta manhajarta.

Ɗaki kuwa, maganarsa gajeriya ce amma nan ake yawan tuntuɓe. Ka danna folda da dama ka shiga Properties, za ka ga shafi biyu, Sharing da Security. Izini biyu ne daban-daban, kuma wanda ya fi tsanani a cikinsu shi ke aiki. Ka ba mutum ikon rubutu a Sharing, a Security kuwa babu sunansa, to zai tsaya a bakin ƙofa ne a ce masa ba shi da izini. In kun ga wannan saƙo ku kwantar da hankali, kun wuce hanya, kun wuce zaure. Foldar da ke kan Desktop ko cikin Documents ta mai akawun ce shi kaɗai, ita ta fi kawo wannan rigima. Ku buɗe sabuwa kai tsaye a cikin C, ku kwafe aikin ciki, ku sa sunan akawun ɗin nan a shafukan biyu. Wanda karatu kawai yake bukata, a ba shi karatu kawai.

Sai SMB1, wadda nake son ku fita daga nan kuna tsoronta. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150. Ta wani rami da ke cikin SMB1 take shiga, ba sai wani ya danna komai ba, ta kulle fayiloli ta nemi fansar dala 300 da kuɗin Bitcoin. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya da ayyukan tiyata saboda kwamfutocinsu sun kulle. Microsoft ta riga ta fitar da facin ramin tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sabunta ba su abin ya ci. Daga ƙarshen 2017 aka fara fitar da Windows 10 ba tare da an bar SMB1 a kunne kamar da ba. Na san me ke sa ku kunna ta. Windows XP ba ta jin wani yare sai ita, haka tsofaffin injinan fotokwafi na gwanjo masu tura sikanin cikin folda. Ku fara neman sabuwar manhajar injin. In babu, a yi sikanin a filashi ko a tura ta imel. In kuwa dole ce ta kama, a ware injin da kwamfuta ɗaya, kada a haɗa su da intanet, kada kuma a ajiye aikin mutane a cikinta.

Ku sani kuma, duk kwamfutar da ke da ikon rubutu a folda, in cuta ta kama ta za ta iya kulle abin da ke cikin foldar. Don haka folda ta tarayya ba ma'ajiya ba ce. A sami hadis na waje a riƙa kwafe aiki, in an gama a zare shi a sa a durowa.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, ƙanwata.

Ta ce a wurinsu folda tana buɗuwa da safe, da azahar ta ɓace, in an taɓa kwamfutar oga kuma ta dawo. Ƙanwata, barci take yi. Kwamfutar da ta yi barci ba ta amsa sallama. Ki shiga saitin wuta ki hana ta barci muddin tana jone da caji, allon kawai ya riƙa mutuwa.

Malam kuma yana tambaya game da ɗakin kwamfuta na makarantarsu, ɗalibai talatin, wasu su shiga wasu a hana su, kuma kullum waɗanda ake hanawa canzawa suke. Malam, Allah ya ƙara girma, wannan ba lalacewa ba ce. Windows 10 da 11 irin na gida da ofis ba sa karɓar haɗi fiye da 20 a lokaci ɗaya, na ashirin da ɗaya sai ya jira wani ya fita. Ku nemi tsohuwar kwamfuta ɗaya da ba a amfani da ita, a sa mata Linux da Samba, a mayar da foldar can, a keɓe mata lambarta a rauta. In an tashi ku same ni in nuna muku yadda ake saita ta.