Sharhi: In Mai Kujera Ya Bar Jam'iyya, Kujerar Ta Wa Ce?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Duk ranar da wani babba ya tattara nasa ya nasa ya bar jam'iyya, muryoyi biyu ake ji. Waɗanda ya bari su ce maci amana ne, da ma ya zame musu kaya. Waɗanda ya tarar su ce gwarzo ne, ya ga gaskiya ya bi. In ya sake juyawa bayan shekara biyu, sai masu yabo su koma zagi, masu zagi su koma yabo. A cikin wannan hayaniya, wanda ba a tambaya shi ne mutumin da ya sha rana a layi ya dangwala yatsa. Shi ya sa a yau nake so mu duba lamarin ta wajensa.

Barin jam'iyya ba laifi ba ne. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar da yake so, siyasa ce ko waninta. Kuma duk wanda ya san yadda ake zaɓen fid da gwani a ƙasar nan ya san akwai waɗanda korarsu aka yi, ko da kuwa su suka rubuta takardar fita da hannunsu. An yi ɗauki-ɗora, an sauya sunayen wakilai da dare, an ce kowa ya yi haƙuri. Wanda aka yi wa haka, in ya fita, ba ni da abin faɗa a kansa.

Amma fita iri-iri ce, kuma mu a Bauchi mun ga iri biyu a jikin mutum ɗaya. Malam Isa Yuguda ya yi minista a gwamnatin Obasanjo. Da ya ga ba zai sami tikitin gwamna a PDP ba, sai ya koma ANPP ya tsaya a 2007. Ba shi da gwamnatin jiha, ba shi da ta tarayya. Ƙorafinsa ya ɗauka ya kai gaban talakawa, su kuma suka yi masa alƙalanci: suka dangwala wa masara, alamar ANPP, suka tsare akwatunansu, ɗan takarar gwamna mai barin gado Ahmadu Adamu Mu'azu ya faɗi. Shi kansa Mu'azu ya nemi kujerar sanatan Bauchi ta Kudu, Bala Muhammad na ANPP ya kayar da shi. Wanda ya ga wannan guguwa ba zai manta da ita ba. Wannan fita ce mai tsabta, domin mai ita ya tafi hannu rabbana, ya dawo da ƙuri'a.

A 2009 kuma Gwamna Yuguda ya koma PDP, jam'iyyar da jama'a suka taru suka ture shekara biyu kafin nan. Wannan karon bai tafi shi kaɗai ba, ya tafi da kujerar. Ba a sake buɗe akwati ko ɗaya ba don a ji ra'ayin masu ita. Mataimakinsa, Alhaji Garba Muhammad Gadi, ya ce shi yana nan inda aka zaɓe su. Majalisar jiha ta tsige shi a shekarar, sai a 2010 babbar kotun jiha ta soke tsigewar. Ku duba da kyau, jama'a: wanda ya bar jam'iyya yana zaune daram, wanda ya tsaya a cikinta shi ne ke yawon kotu. Gaskiya ne masu kare gwamnan suna da hujja, za su ce ai a 2011 ya tsaya a PDP ya sake ci. Na yarda. Sai dai shekaru biyun da ke tsakani, da izinin wa aka yi su?

Doka ma a nan ta yi rawa. A takardar ƙuri'armu babu sunan ɗan takara, alamar jam'iyya ce kawai, kuma babu damar tsayawa ba jam'iyya. Sashe na 68 ya ce ɗan majalisar tarayya da ya koma wata jam'iyya kafin wa'adinsa ya cika ya rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyarsa ta rabe ko ta haɗe da wata. Sashe na 109 ya faɗi haka game da 'yan majalisar jiha. Kotun Ƙoli ta ƙara fayyacewa a 2015, a shari'ar wani ɗan majalisa daga Ondo, cewa rikicin reshen jiha bai isa hujja ba, sai rabuwar ta kai ga uwar jam'iyya. Amma gwamna da shugaban ƙasa da mataimakansu, tsarin mulki bai sa sauya sheƙa cikin abubuwan da ke raba su da mulki ba. Da wannan Atiku Abubakar ya tsira a Kotun Ƙoli a 2007, lokacin da ya koma AC yana mataimakin shugaban ƙasa. Wato wanda ya fi kowa riƙe dukiyar jama'a shi ne dokar ta fi sakar wa mara.

Ko a kan 'yan majalisar, hukunci yakan zo a makare. Yakubu Dogara, wakilin Bogoro da Dass da Tafawa Ɓalewa, ya zama kakakin majalisar wakilai a 2015 ba da son shugabannin APC ba. Ya ci zaɓen 2019 a PDP, ya koma APC a 2020. Sai a 2022 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce ya sauka, lokacin da wa'adin ya riga ya ci fiye da rabi. Maganar kiranye kuwa, doka na neman sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓa, abin da ya gagara ko a kan Sanata Dino Melaye na Kogi a 2018.

Kada kuma jam'iyyu su ɗauka wanke su nake yi. Kalmar zagon ƙasa ta zama bulalar da ake ajiyewa don wanda ya saɓa da gwamna. A Gombe, Sanata Danjuma Goje ya ci kujerarsa a APC a 2023, bayan 'yan makonni shugabannin mazaɓarsa ta Kashere suka ce sun kore shi bisa zargin yi wa jam'iyya zagon ƙasa. Kafin nan, a watan Nuwamba na 2021, an yi arangama lokacin da ayarinsa ke shiga garin Gombe, ɓangarensa da na gwamnatin jiha kowa ya ɗora wa ɗaya laifi. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Manya in sun ɓata, ana samun mai shiga tsakani, a zauna a falo a yi musabaha. Yaran da aka ba wuƙa, ko Kalare ake kiransu a Gombe ko Sara-Suka a Bauchi, su ne ke kwana asibiti ko bayan kanta. Maƙwabta sun daina gaisawa, an ƙaurace wa ɗaurin auren juna, saboda rigimar da masu ita suka riga suka manta.

Akwai wanda ya nuna ana iya yin abin ta wata hanya. A 1983, da Muhammadu Abubakar Rimi ya bar PRP zai yi takara a NPP, sai ya ajiye kujerar gwamnan Kano, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya hau. Ya shiga zaɓe, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Ana iya saɓa wa Rimi a abubuwa da dama, amma bai tafi da abin da ba nasa ba.

To, ga kirana ga sanatocinmu da wakilanmu na Bauchi da Gombe, da 'yan majalisun jihohin biyu, tunda gyaran tsarin mulki sai da amincewar majalisun jihohi 24. A shigar da gwamna da shugaban ƙasa cikin wannan ƙa'ida: wanda ya bar jam'iyyar da aka zaɓe shi a ciki ya sauka, hukumar zaɓe ta shirya sabon zaɓe, in yana so ya tsaya. A ɗibar wa shari'ar sauya sheƙa wa'adi, kamar yadda aka ba kotun ƙararrakin zaɓe kwana 180. A kuma buɗe ƙofar takara ba jam'iyya, don wanda aka zalunta a zaɓen fid da gwani ya sami inda zai kai kukansa ba tare da ya ari rigar wani ba. Masu amfana da halin da ake ciki su ne ake roƙo su gyara shi, don haka ba za su yi da daɗin rai ba. In sun zo neman ƙuri'a a unguwarku, ku tambaye su matsayinsu a kan waɗannan uku, a gaban jama'a.

Sharhin ke nan. A ci gaba da sauraronmu.