Wannan shuɗin ba filta ba ce: ɗaukar hoton tafkin Crater Lake

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi hoton tafkin nan mai shuɗin ruwa da kyau. Na san wani zai ce ai ƙara mai kala anka yi a waya. Wallahi a'a, haka ruwan yake, kamar an juye mai buhun bula.

Sunan wurin Crater Lake, a jihar Oregon ta Amurka. Asalinshi ƙaton dutse ne mai aman wuta da ake kira Mazama, wajen shekara 7,700 da sunka wuce ya yi aman da ya kwashe cikinshi kaf, sai samanshi ya rufta ya bar wawakeken rami, ruwan sama da dusar ƙanƙara sunka yi ta taruwa har ya zama tafki. Zurfinshi mita 594, duk Amurka babu wanda ya kai shi.

To mi ya kawo shuɗin? Ku tuna gulbin Rima da damina, jawur saboda lakar da yake kwasowa. Shi ko wannan ba kogi ko ɗaya da ke shiga cikinshi, ba laka ba dauɗa. In hasken rana ya shiga ruwa, ja ne ke fara ɓacewa, sai ruwan ɗorawa, sai kore, shuɗi kaɗai ke kai wa can ƙasa ya warwatsu ya dawo ma ido. Tsabtar ruwan ta kai an taɓa zura faifan da ake auna tsabtar ruwa da shi anka hango shi daga zurfin fiye da mita 40.

Nan ne dabarar take. Masu hoto kullum cewa suke a ɗauka da hantsi ko da la'asar sakaliya, rana tsaka ba ta da kyau. A wannan tafkin ni dai ban yarda ba. In shuɗin kake so, sai rana ta taso sama sosai, sama garau, hasken ya nitse cikin ruwan. Da sassafe wani hoton ne daban za ka samu, iska ba ta taso ba, ruwan shimfiɗe kamar madubi, tsibirin Wizard da ke cikin tafkin ya fito biyu, amma shuɗin ya dushe.

Sannan filtar kashe ƙyalli, wadda ake ɗaura ma bakin kyamara ana murzawa. Tana cire walƙiyar saman ruwa. Kar dai ka murza ta ƙurewa, in lens ɗinka, wato gilashin bakin kyamara, mai ɗaukar wuri da faɗi ne sararin sama zai fito rabi duhu rabi haske, abin ba daɗin gani. In akwai dusar ƙanƙara a bakin ramin kuma kyamara ruɗewa take ta duhunta hoton, sai ka ɗan ƙara haske da hannu. Ka sa wani abu a gaba, itace ko dutse, in ba haka ba mai kallo ba zai gane girman wurin ba.

Af, akwai wani kututture da ke yawo a tsaye cikin ruwan, tun 1896 anka lura da shi kuma har yau bai kwanta ba. Shi kam sai sa'a.

Hanyar da ta zagaye tafkin kilomita 53 ce, ƙanƙara kan rufe ta mafi yawan shekara, galibi sai wajen Yuli take buɗewa duka, kuma a lokacin nan hayaƙin gobarar daji kan yi masu abin da hazo ke muna a hunturu.

Ba sai ka nemi biza ba kafin ka koya. Je dam ɗin Goronyo ko tafkin Kware a watan Oktoba, damina ta ɗauke hazo bai sauko ba, ka tsaya wuri guda ka ɗauka ƙarfe 7, ka sake ƙarfe 12, ka jera su ka gani. Goge gilashin wayar dai tukuna.